Ina za mu riƙa samo masu jawabi? Muhawara kan zaman 'yan kwamfuta na wata-wata a Katsina

Sakataren_Zama:
Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da zamanmu na wata-wata, na ga gara in kawo ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa, maimakon mu 'yan kwamiti mu yi ta nanata ta tsakaninmu. Maganar masu jawabi ce.

Duk mai zuwa zama ya san mutum uku ne ke karɓa-karɓa: Injiniya, Malam Habu, sai ni. In muka gayyato wani daga waje, zai amsa da fara'a, mu buga sanarwa da hotonsa mu tura ko'ina, sai ana gobe zama ya kira ya ce tafiya ta kama shi. Wani ma ba ya kira, sai dai a ji wayarsa a kashe, ga mutane zaune, ga mai yana ƙonewa a janareta.

Abin da ke ɗaure mini kai, mutum 12 kacal muke nema a shekara. A cikin garin nan akwai Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, akwai Al-Qalam, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga kwalejin ilimi ta tarayya, FCE. Dutsin-Ma akwai jami'ar tarayya, Daura akwai foliteknik ta tarayya da jami'ar sufuri. Ban da masu shagunan gyara da masu cibiyoyin jarrabawa. A ce duk wannan jama'a mun kasa samun mutum ɗaya kowane wata? Wajen neman ne matsalar take, ko wajen tsayar da rana, ko mu ne ba mu iya gayyata ba? Wanda ya san kan abin ya taimaka mana.

Injiniya_Marusa:
Wa alaikumus salam. Sakatare, a makare muke nema, shi ke nan. Ana saura mako guda zama muke fara buga waya. Mutumin da ke da aji, ko shago, ko ofis, ba za ka faɗo masa kwatsam ka ce Asabar ɗin nan ya zo ya yi magana awa guda ba. Zai ce to don kunya, amma zuciyarsa ba ta amsa ba. A riƙa tsayar da mutum wata uku kafin ranarsa. Kuma kowane wata a sami na ko-ta-kwana daga cikinmu, wanda ya shirya abinsa ya ajiye a filas, in baƙo bai zo ba ya miƙe.

Nura_POS:
Wata uku kuma, Injiniya? A ƙasar nan wa ya san inda zai kasance nan da wata uku? Wanda ka tsayar tun yanzu ai shi ya fi saurin mantawa.

Injiniya_Marusa:
Ba cewa na yi a tsayar da shi a yi shiru ba. A kira shi ana saura wata guda ya ba da kan maganarsa a rubuce. Ana saura mako biyu ya turo abin da zai nuna, ko da shafi uku ne. Wanda ya zauna ya rubuta shafi uku da wuya ya fasa zuwa, don ya riga ya sa guminsa a ciki. Wanda kuma ya kasa turowa, ka ga ka gane da wuri, sai ka nemi wani tun ba a buga sanarwa ba.

Malam_Habu_Lissafi:
Maganar Injiniya tana kan hanya, amma ina ganin akwai abin da ya riga jadawali. Yadda muke roƙon ne. Kullum sai a rubuto a nan, "wa zai yi mana jawabi wata mai zuwa?" Tambayar da aka jefa wa jama'a gaba ɗaya ba ta da mai ita. Kowa zai karanta ya ce da wani ake. Na ga wannan a aji: ka ce "wa zai fito allo?" kowa ya sunkuyar da kai, ka kira sunan yaro ɗaya ka ce ya zo ya warware layi na biyu kawai, sai ya taso.

A je wa mutum ɗaya da abu ɗaya. Misali, akwai wanda na sani a nan da ya haɗa wa wata makarantar Islamiyya tsarin fitar da sakamakon ɗalibai da Excel, yana zuba maki, matsayin kowane yaro da jimillarsa suna fitowa da kansu. In ka ce masa ya zo ya yi lacca a kan Excel zai ce shi wa? Amma ka ce, "Malam, zo ka nuna mana wannan takardar sakamakon da ka haɗa, minti ashirin, ka buɗe ta mu ga yadda ka yi," zai zo. Mutum ba ya tsoron bayanin aikin da ya yi da hannunsa.

Kuma mu rage awa gudan nan. Minti ashirin na nuni, goma na tambaya. In aka samu biyu a zama ɗaya, ko ɗaya ya fasa zaman bai mutu ba.

Ummi_Python:
Wallahi Malam ka faɗi abin da ke raina. Ni tun da na fara zuwa ba wanda ya taɓa tambayata ko ina da abin nunawa. Ba ƙorafi nake yi ba, amma a sani akwai irinmu da yawa a bayan ɗaki.

Sakataren_Zama:
To Malama Ummi, ga shi yanzu ana tambayarki. Me za ki nuna mana?

Ummi_Python:
Na rubuta ɗan ƙaramin shiri da Python, yaren rubuta manhaja, da ke gyara rubutun Hausa, yana nemo kalmomin da aka rubuta ba ƙugiya ya ba da shawarar inda za a sa ɓ da ɗ da ƙ. Bai kammala ba, yana rikicewa a kalmomi irin su kafa da ƙafa, don sai ya duba jimlar kafin ya gane wacce ake nufi. Zan iya nuna inda na tsaya da inda na maƙale, ƙila wani ya fi ni dabara.

Abba_Linux:
Irin wannan muke so! Aikin da bai ƙare ba ya fi jan tambaya. Tun asali ma haka irin waɗannan ƙungiyoyi suka taso. Ku duba Homebrew Computer Club da aka fara a garejin mota a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1975. A zamansu akwai lokacin da kowa ke miƙewa ya faɗi abin da yake haɗawa ko abin da yake nema, sannan a saki mutane kowa ya nemi wanda maganarsa ta shafe shi. A nan Steve Wozniak ya nuna kwamfutar Apple I da ya haɗa a 1976, allon lantarki ne tsirara, ko akwati babu. Da sun tsaya jiran manyan baƙi da ba a yi ba. Mu ma a ware minti goma sha biyar a ƙarshen kowane zama, duk mai abu ya miƙe minti biyar-biyar. Daga nan Sakatare zai riƙa tsintar masu jawabin watanni masu zuwa.

Baba_MaiGyara:
Salamu alaikum 'ya'yana. Yaron shagona ne ke rubuta mini wannan. Ni ban yi jami'a ba, amma tun ana kawo manyan kwamfutocin tebur masu ƙaton gilashi nake buɗe cikinsu. Ina zuwa zamanku in zauna a baya, ina ƙaruwa. Sai dai ban taɓa jin an yi maganar abin da ke kashe kwamfuta a garin nan ba.

Ƙurar hunturu ce ta farko. Ka buɗe laftof ɗin da ta shekara biyu ba a share ba, za ka tarar ƙura ta dunƙule a bakin fanka ta toshe hanyar iska. Mai ita zai ce tana mutuwa da kanta in rana ta take. Ba komai ba ne, zafi ne ya yi mata yawa take kashe kanta don kar ta ƙone. Sai man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, in ya bushe ya zama gari dole a kankare a sa sabo. Sai caja ta jabu, mara nauyi a hannu, da wutar janareta mai hawa da sauka. Sai batir ɗin da ya kumbura har ya ɗago wurin da ake jan yatsa, mutum yana ta danna shi da ƙarfi bai san wuta yake wasa da ita ba.

In kuna so, zan zo da matattun laftof guda biyu da mita da sukurdireba, in buɗe a gabanku kowa ya leƙa. Amma da Hausa zan yi, kuma ba ni da abin haskawa a bango.

Zainab_ƘofarKaura:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni dai ranar ko da rarrafe zan zo. Tawa tana wannan mutuwar da rana.

Malam_Habu_Lissafi:
Ka gani ko, Sakatare? Muna neman na nesa, ga Baba a bayan ɗaki. Baba, ba ka buƙatar komai a bango. A ɗora waya a kan teburin ta ɗauki hannunka, a haɗa ta da majigi, na baya ma su ga ƙurar.

Shamsu_Zane:
Ban ƙi ta Malam Habu ba, amma kar mu rufe ƙofa mu zama mu ya mu. Ranar da aka ce baƙo zai zo daga Kano ko Kaduna, ɗaki cika yake yi, kuma sababbin fuskoki ake gani. In kullum 'yan gida ne, ilimin da ke cikin ɗakin shi zai yi ta zagayawa. Akwai abubuwan da ba mu da gwaninsu a nan. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi duk mai riƙe sunaye da lambobin mutane, makarantu da asibitoci da masu POS. Wa zai yi mana bayaninta a cikinmu? Sai an nemo lauya ko wanda ya yi aiki a kanta.

Sadiq_Funtua:
To in za a nemo na waje, a yi maganar kuɗin mota a fili. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tafiya ta zama abin lissafi. Ba daidai ba ne mutum ya taso daga Kano da kuɗin aljihunsa, ya yi mana magana, mu sallame shi da ruwan leda da "Allah ya saka". Shi ya sa wasu ke fasawa ana gobe, kunyar tambaya suke ji. A faɗa masa tun ranar gayyata: ga abin da za mu iya, kuɗin mota zuwa da komawa da abincin rana. In babu, a ce babu.

Abba_Linux:
Ni ina tsoron harkar kuɗi. Da zarar an fara biya, gobe wani zai ce nawa aka ba wane. Zaman nan na sa-kai ne.

Sadiq_Funtua:
Abba, ba lada na ce a biya ba. Kuɗin mota daban, kuɗin jawabi daban. Kai da ke tahowa daga cikin gari a kan babur ba za ka ji abin ba. Mu nan Funtua Zariya ta fi mana kusa da Katsina, duk zuwan da na yi sai na shirya masa.

Nura_POS:
A sa asusu. Duk wanda ya zo ya jefa abin da ya sawwaƙa, ko ya tura. Ma'aji ya riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane zama. In kuɗin ya kai a gayyato na nesa, in bai kai ba 'yan gida su riƙe.

Kofa_Daniel:
Ina gaisuwa ga kowa. Ni ɗan bautar ƙasa ne, Hausata ba ta nuna sosai ba, a yi haƙuri. Akwai 'yan'uwana masu bautar ƙasa da suka karanta kimiyyar kwamfuta, an tura su makarantu suna koyarwa. Shekara ɗaya suke yi su tafi, ba wanda ya san abin da suka iya. Wani abokina ya iya haɗa netwok na ofis, wata kuma tana gina manhajar waya. Duk rukunin da ya fito daga sansani a neme su da wuri. Kuma suna son takardar shaida, tana musu amfani wajen neman aiki.

Shamsu_Zane:
Takardar shaida ni zan riƙa zanawa kyauta. Har da ɗaukar bidiyo in mai jawabi ya yarda. Malaman jami'a ma wasiƙar gayyata a rubuce suke so, mai kwanan wata da sa hannu, ba saƙon WhatsApp da tsakar dare ba.

ƊanKusugu:
Duk kun yi maganar wa zai yi, ba wanda ya taɓo yaushe. Mu mutanen Daura wannan zaman na bayan La'asar yana cutar da mu. Tsakaninmu da Katsina kusan kilomita 80 ne. A fara ƙarfe huɗu da rabi, a tashi ana kiran Magariba, kafin ka isa tasha ka sami mota ta cika dare ya yi. Akwai malamai biyu a nan da na yi wa tayin zuwa su yi magana, duk abin da suka fara tambaya shi ne ƙarfe nawa ake tashi. A mayar da shi safe, goma zuwa Azahar. Ko kuma a riƙa kawo zaman Daura lokaci-lokaci, mu ma mu karɓi baƙi. Ɗakin taro ba zai gagara ba.

Nura_POS:
Asabar da safe ai ɗaurin aure ne, ɗan'uwa. Rabin ɗakin ba za ka gani ba. Sai dai Lahadi.

ƊanKusugu:
Lahadi kasuwar Mai'adua ke ci. Masu POS da masu sayar da waya na wajenmu duk can suke wuni.

Kofa_Daniel:
Mu kuma Lahadi da safe muna coci.

Maman_Hanif:
Ina bin maganar tun ɗazu. Ni malamar kwamfuta ce a sakandaren 'yan mata. Bari in faɗi ta ɓangarenmu, don an ce ba a samun mata masu jawabi. Akwai su. Amma macen da ke da gida ba za ta tsaya gaban taro a tashi da Magariba ba, sannan ta fara neman abin hawa. Kuma gayyatar ana jibi ba ta yi mana, sai an shirya gida, an sanar da maigida ko iyaye, an san wanda zai riƙe yara. Wata ukun da Injiniya ya faɗa mu ta fi yi wa amfani. Safiyar Asabar da Lahadi da yawa muna Islamiyya, amma daga sha ɗaya zuwa biyu zai yiwu, a yi Azahar a wurin.

Abu na biyu, in mace tana magana a bar ta ta kai aya. Na taɓa zama a wani taro, ba namu ba, wata baiwar Allah tana bayanin rumbun bayanai, wani ya katse ta ya karɓe maganar ya ƙarasa mata. Ba ta ƙara dawowa ba. Mai gabatarwa ya riƙa tsare wa mai jawabi lokacinsa, tambaya sai an gama.

Ummi_Python:
Anti, Allah ya biya ki. Wannan na biyun shi ne abin da ya sa nake ɗari-ɗari.

Injiniya_Marusa:
Tunda an shiga maganar rana, a ɗauko kalandar shekara a zauna da ita sau ɗaya. Azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, don haka ba za a ce wata kaza ne kullum ba, sai an duba. Makon Ƙaramar Sallah da na Babba ba a zama, gari yana wajen hawa. Mutanen Daura suna da Sallar Gani a Rabi'ul Awwal. Wajen Afrilu masu cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta (CBT) ba sa ganin gabansu saboda jarrabawar JAMB, kar a sa ɗayansu a lokacin, a bari sai sun gama su zo su ba mu labarin yadda ake riƙe kwamfuta ɗari biyu da hamsin a kan sabar ɗaya, wato uwar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, ba ta faɗi ba. Malaman jami'a kuma a kauce wa lokacin jarrabawa da makin takardu. In aka cire waɗannan, watannin da suka rage su ne za a raba.

Amma ranar kanta kar a riƙa canza ta. In Asabar ta biyu ce, ta zauna Asabar ta biyu. Mai jawabi ne zai bi rana, ba rana za ta bi shi ba.

Abba_Linux:
Ni na riga na kama Satumba. Asabar ta uku ta watan ita ce ranar manhajoji masu 'yanci ta duniya, wato waɗanda kowa ke da damar amfani da su da gyara su. A zo da tsofaffin kwamfutoci mu sa musu Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ake sawa a madadin Windows. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, kuma yawancin 'yan gwanjon da ke hannun mutane ba su cika sharaɗin Windows 11 ba saboda ba su da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Mutane suna zaune a kan tsarin da ba a toshe masa ɓaraka.

Shamsu_Zane:
Abba ya fara. Ka sa mini Linux in yi CorelDRAW da me? Duk masu buga takardu a garin nan da shi suke aiki.

Abba_Linux:
Akwai Inkscape, shi ma na zane ne kamar CorelDRAW, kuma yana aiki a Linux.

Shamsu_Zane:
Kai wa mai injin buga banar fayil ɗin Inkscape ka ga yadda zai dube ka. Launi ma sai ya canza.

Nura_POS:
Ni dai abin da ya dame ni firinta. In ba za ta yi aiki ba, ba ruwana da 'yanci.

Admin_Lawal:
Jama'a, a dawo kan magana. Abba da Shamsu, wannan gardamar taku ma jawabi ce. Ku zo da kwamfutocinku rana ɗaya, a ba ku aiki iri ɗaya, katin biki, kowa ya zana a gaban jama'a. Sakatare, rubuta su.

Sakataren_Zama:
Na rubuta. To maganar masu yi mana daga nesa ta intanet fa? Akwai 'yan Katsina da ke aiki Legas da Abuja, har da ƙasashen waje, da yawa sun ce a shirye suke.

Sadiq_Funtua:
Zai yi, amma da sharaɗi. Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa, Google Meet awa guda in an haura mutum biyu. A gwada ana gobe, a ɗakin da za a zauna, a daidai lokacin da za a zauna, don sabis ɗin safe daban na yamma daban. A tanadi layi biyu na kamfani daban-daban. Kuma lasifika mai kyau ta fi majigi muhimmanci, in hoto ya tsaya ana iya haƙuri, in murya ta riƙa yankewa mutane waya za su ciro. Abin da ya fi aminci, ya ɗauki bayaninsa a bidiyo ya turo tun da wuri a sauke, a kunna a ɗaki, sannan a kira shi kai tsaye don tambayoyi kawai. Ko sabis ya ƙi, an dai ga jawabin.

Malam_Habu_Lissafi:
Na yarda da dabarar bidiyon. Sai dai kar ya yi yawa. In kallon allo ne, kowa na da YouTube a gida. Abin da ke kawo mutum zama shi ne bayan an tashi ya tare mai jawabi a bakin ƙofa ya ce, "Malam, duba mini wannan."

Zainab_ƘofarKaura:
Wani abu da ba a taɓo ba: masu zuwa talla. Da zarar an ji muna neman masu jawabi, za su yi ta turo kansu. Wani zai ce zai koyar da kasuwancin intanet, minti goma da farawa sai ga lambar rajista a bango, ka kawo mutum biyu su ma su kawo biyu. Mun ga yadda MMM ta bar mutane a ƙarshen 2016, kuma har yau irinta ba su ƙare ba, suna dai canza riga. In ɗalibi ya sa kuɗin makarantarsa saboda a zamanmu ya ji, mu za a zaga. Duk wanda ba a sani ba, sai wani ɗan ƙungiya ya tsaya masa, kuma a ga abin da zai nuna tukuna.

Nura_POS:
Gaskiya ne, amma kar a hana mai sana'ar halal faɗin sana'arsa. In mai sayar da sola ya zo ya koya mana lissafin batir da inbata da za su riƙe shago, a ƙarshe ya ce ga shagona, ina laifi?

Zainab_ƘofarKaura:
Ba laifi, Malam Nura. Ilimin ya zo gaba, tallar minti biyu a ƙarshe. Wanda ba shi da abin koyarwa sai rajista shi nake nufi.

ƊanKusugu:
Haka nan manyan mutane. Ba na ƙin a gayyaci mai muƙami, wata rana shi zai ba da ɗaki ko ya sayi majigi. Amma in za a kira shi, a ba shi gaisuwar minti biyar, kuma a fara a kan lokaci ko ya iso ko bai iso ba. Mu da muka taso daga nesa ba za mu zauna jiran wani ba, sannan a cinye sauran lokacin da jera sunaye da muƙamai.

Baba_MaiGyara:
Ɗana na Daura ya yi gaskiya. Sannan ku riƙa barin mutum ya yi da harshen da ya fi sakewa. Akwai yara masu gyaran waya da suka fi ni ido, suna canza ƙananan abubuwa a kan allo da iska mai zafi, abin da sai da madubin ƙara girma ake gani. Turanci ne ke hana su zuwa gabanku.

Kofa_Daniel:
Baba, a yi da Hausa, ba damuwa. Wani ya zauna kusa da mu yana gaya mana a taƙaice. Mu ma in za mu yi da Turanci, wani ya riƙa mayarwa.

Maman_Hanif:
Sakatare, wata shawara. Kar aikin nan ya zauna a wuyanka kai kaɗai, shi ya sa kake gajiya, kuma mutanen da ka sani su kaɗai za ka yi ta kira. A raba watannin. Kowane wata a ba mutum ɗaya, shi zai nemo mai jawabi, ya bi shi, ya tarbe shi ranar. Ni ku ba ni wata ɗaya, zan kawo mace, kuma zan zo da ɗalibaina manya in makaranta ta amince.

Injiniya_Marusa:
Hajiya, ina jin tsoron wannan. Abin da aka raba wa mutum goma sha biyu, in ɗaya ya yi sakaci ba a ganewa sai ranar. Gara mutum biyu ko uku su riƙe jadawalin, sauran su kawo sunaye.

Maman_Hanif:
To Sakatare ya zama mai tuni. Ana saura wata guda ya tambayi mai watan, ina aka kwana? Amma neman a bar wa mutane da yawa, Injiniya. Ni matan da na sani ba ka san su ba, kai ma injiniyoyin da ka sani ban san su ba.

Sakataren_Zama:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tattara zuwa yanzu, a gyara mini in na yi kuskure. Wata mai zuwa Baba da laftof ɗinsa, tare da Malama Ummi minti ashirin. Na bayansa Abba da Shamsu. Satumba Abba ya kama. Maman Hanif za ta zaɓi watanta. Daniel zai haɗa mu da abokansa biyu. Malam Habu zai tuntuɓi mai takardar sakamako. Injiniya na ko-ta-kwana. Maganar lauya da asusun kuɗin mota sai kwamiti ya zauna. Wanda zai riƙe jadawali, mutum uku ko kowa da watansa, ban ga an daidaita ba.

Abba_Linux:
Satumbar akwai gyara. Ranar da na faɗa Asabar ta uku ce, Injiniya kuma ya ce ba a taɓa Asabar ta biyu.

Injiniya_Marusa:
Ba a taɓawa. Ka yi naka a ta biyu, Linux ɗin ba zai ƙi hawa ba.

ƊanKusugu:
Sakatare, ka tsallake lokaci. Sha ɗaya zuwa biyun da Maman Hanif ta kawo ya yi mana. In an bar shi bayan La'asar, malaman nan biyu ba za su zo ba, ni ma ba zan matsa musu ba. Kuma maganar kawo zama Daura ba wanda ya amsa mini.

Nura_POS:
Sha ɗaya na Asabar ni ina shago, lokacin ne ma ake cire kuɗi. A jefa ƙuri'a a nan kawai, kowa ya zaɓa.

Admin_Lawal:
Zan sa ƙuri'ar bayan Isha'i, zaɓi biyu: sha ɗaya na safe ko bayan La'asar. Ta Daura kuma daban, don wannan sai an san wanda zai ɗauki nauyin ɗaki da wuta a can.

ƊanKusugu:
Ɗaki da wuta ku bar mini. Ku dai faɗi wata.

Baba_MaiGyara:
Ko wane lokaci kuka tsayar zan rufe shago in zo. A tanadar mini tebur mai faɗi kusa da taga, da soket mai baki uku. Wadda ta ce tata tana mutuwa da rana ta zo da ita da cajarta, amma ta kwashe abubuwanta a filas tukuna kafin in buɗe.